Yadda za ka zauna da gindinka a Alƙahira idan zaman na shekaru ne

Wanda ya je Alƙahira ganin likita na mako biyu baƙo ne, gari kuma zai yi masa uzurin baƙo har ya tafi. Maganata da wanda ya sauka daga jirgin Kano ko na Abuja da niyyar shekara huɗu ko shida ce: ɗalibin Azhar, mai karatun likitanci, matar da ta biyo mijinta, ɗan kasuwar da ya kama haya. Birnin da kewayensa na ɗauke da mutum sama da miliyan 20, ga hayaniya dare da rana, amma wannan ana sabawa da shi cikin 'yan watanni. Abin da na ga ya fi jigata mutanenmu abu biyu ne: yin na ƙarshe a farko, da zama irin na mai jiran ranar komawa, gangar jiki a Masar zuciya a gida. Shi ya sa zan kawo matakan yadda suke bin juna, domin wani ba ya yiwuwa sai an gama da wani.

Tun kana gida

Takardun makarantarka su sha hatimi kafin ka taso, na ma'aikatar harkokin wajen ƙasarku da na ofishin jakadancin Masar. In ka zo babu, dole ka mayar da su gida, ka zauna jira zangon karatu na wucewa. Katin rigakafin cutar shawara ya kasance a aljihunka tare da fasfo, don ana iya tambayarsa a filin jirgi. Ka wanke ƙananan hotuna masu farin bango da yawa, ka yi kwafin fasfo da yawa, kowane ofishi sai ya karɓi nasa.

A akwati ka ba kuka, daddawa, yaji da busasshiyar kuɓewa wuri. Shinkafa da taliya kada ka wahalar da kanka, suna nan birjik.

Ga wanda ba na so ka ɗauka da wasa: kada ka karɓi saƙon kowa a ɗaure, ko da na ɗan'uwa ne, sai ka kwance ka ga abin da ke ciki. Tramadol da wasu ke saye a kemis a gida, a Masar cikin miyagun ƙwayoyi ake lissafa shi, kuma an ɗaure baƙi shekaru a kansa. Mai shan magani na dindindin ya zo da takardar likitansa.

Makon farko: layi da kuɗi

Kamfanonin waya huɗu ne: Vodafone, Orange, Etisalat (wanda yanzu ake kira e&) da WE. Ka je shagon kamfanin da kanka da fasfonka a yi maka layi da sunanka. Za a samu wanda zai miƙo maka layin wani ɗalibi da ya kammala ya tafi, ka yi godiya ka bar masa. Ranar da layin ya rufe, ko kuɗi suka maƙale a asusun da ke kansa, babu mai sauraronka tunda ba naka ba ne. Ka kuma tambayi halin wayar da ka shigo da ita, domin tun farkon 2025 ana karɓar kuɗin kwastan a kan wayoyin da aka kawo daga waje, wadda ba a yi wa rajista ba kuma tana iya daina ɗaukar layin Masar bayan kwana 90.

Kuɗinsu fam ne, a baki gine suke ce masa. Ya faɗi warwas a Nuwamban 2016, ya sake faɗuwa a Maris 2024, inda dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa wajen 50 a yini guda. Saboda haka kada ka gina kasafinka a kan lissafin wanda ya bar ƙasar shekara uku da suka wuce, kuma kada ka canza duk abin da ka zo da shi lokaci ɗaya. Canjin ya kasance a banki ko shagon canji mai lasisi. Kasuwar bayan fage laifi ce da ake ɗauri a kanta. Rasit ɗin canjin ka adana shi, za a iya nemansa lokacin biyan kuɗin izinin zama. Sannan ka koyi tara ƙananan kuɗi, fakka a bakinsu, don direba da mai burodi kullum cewa suke babu canji.

Gida

Masu tallafin karatu na Azhar sukan samu ɗaki a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya. Sauran jama'a haya ce. 'Yan Afirka ta Yamma sun fi taruwa a Madinat Nasr, musamman Hayyul Ashir, wasu a Darrasa daf da masallacin Azhar, wasu a Faisal ko Ain Shams. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 jama'a suka kwararo, haya ta tashi a unguwannin da baƙi ke zama, don haka farashin da ka ji a gida wataƙila ya daɗe da shuɗewa.

Kada ka kama gida a makon farko. Ka sauka wajen wani na wata guda, kana ba da naka kason na abinci da wuta, har idonka ya buɗe. In ka ga wanda ya yi maka, ka je shi da rana, ka koma da dare. Wani layin shiru yake da azahar, amma akwai wurin shan shayi a ƙasan benen da ba a tashi sai asuba. Ka buɗe famfo ka ga ƙarfin ruwa, musamman a hawa na biyar ko na shida. Ka tambaya ko iskar girki ta bututu ce ko ta tukunya, ko mitar wuta ta kati ce, ko akwai bashin da wanda ya tashi ya bari. Dillali, wato simsar, ku yanke la'adarsa tun kafin ya nuna maka ƙofa. Mai gida zai karɓi kuɗin ajiya da suke kira ta'min, wanda ake mayarwa ranar tashi in ba ka ɓata komai ba. Don haka ranar shiga ka ɗauki hoton duk tagar da ta tsage da kujerar da ta karye ka tura masa ta waya, ta zama shaida.

Yarjejeniyar haya ta kasance a rubuce, da sunanka yadda yake a fasfo, da kwafin katin shaidar mai gida, sannan a kai ta ofishin Shahrul Aƙari, wato ofishin rajistar gidaje da takardu, a buga mata hatimin tabbatar da kwanan wata. Mai gidan da ya ce ba sai an rubuta ba tunda duk Musulmi ne, ka nemi wani gidan. Wannan takarda na cikin abin da akan nema wajen izinin zama, kuma ita ce garkuwarka ranar da aka ce an ƙara kuɗi a tsakiyar shekara.

Kusan kowane bene na da bawwab, mai tsaron ƙofa da ke zaune da iyalinsa a ƙasa. Ka gaishe shi safe da yamma, ka biya kuɗinsa na wata a kan lokaci, ka yi masa ihsani da Sallah. Shi zai nemo maka mai gyaran famfo, shi zai gaya wa maƙwabta ko kai mutumin kirki ne. Ka kuma sani yana ganin duk mai shiga wajenka, kuma a yawancin unguwanni ba a lamuntar namiji ya shigo da macen da ba muharramarsa ba, ko da 'yar ajinsu ce.

Shawarata a kan abokan zama, wadda na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba: in da hali, a samu aƙalla mutum ɗaya a gidan da ba ya jin Hausa, ɗan Indonesiya ne ko ɗan Senegal ko Bamisire daga ƙauye. Gidan da kowa Bahaushe ne akwai daɗin hira, amma na ga mutanen da suka shekara biyar a irinsa ba su iya cinikin tumatur da Larabci ba.

Iƙama

Bizar da ka shigo da ita ta ɗan lokaci ce. Izinin zama, wanda kowa ke kira iƙama, shi ne ke riƙe da komai: banki, jarabawa, kwanciyar hankali in ka hango shingen 'yan sanda. A da a ginin Mugamma da ke dandalin Tahrir ake yin ta, tun 2019 babban ofishin ya koma Abbasiyya. Ɗalibi na buƙatar takardar shaidar rajista daga makarantarsa, da fasfo mai sauran wa'adi, da hotuna da kwafe-kwafe.

Ƙa'idoji da kuɗin suna sauyawa, saboda haka wanda za ka tambaya shi ne wanda ya yi tasa a wannan watan. Ka nemi irinsa ya raka ka karon farko. Ka yi sammako, ka ci abinci, ka ɗauki biro da ruwa, ka sa a ranka yinin ya tafi. Za ka ji "bukra", wato gobe, fiye da sau ɗaya. Kada ka ɗaga murya. Ka tambayi wace taga, wace takarda ce ta rage, ka rubuta, ka dawo. Takardar shaidar cewa ka miƙa fasfonka ta zauna a jikinka har ya fito. Da ya fito, ka sa ranar ƙarewar iƙamar a wayarka, ka fara shirin sabuntawa saura wata biyu. Jinkiri tara yake jawowa, wani lokaci har tsarewa, kuma mafi yawan waɗanda suka faɗa wannan rami sakacin "sai bayan jarabawa" ne ya kai su.

Ka yi rajista a ofishin jakadancin ƙasarku, na Najeriya a Zamalek yake, ka kuma shiga ƙungiyar ɗaliban ƙasarku. Ranar rashin lafiya ko rasuwa su ne ke tsayawa.

Larabcin titi

Ga inda masu zuwa da karatun zaure ke shan mamaki. Mutum ya haddace Alfiyya, ya tsaya gaban mai kayan miya ya zuba Larabci mai i'irabi, a yi murmushi a ba shi amsar da bai kama ko kalma ɗaya ba. Fusha, wato Larabcin littafi, ta aji ce da mumbari da labarai. Kasuwa, mota, asibiti da ofishin iƙama da ammiyya, wato Larabcin titi, suke aiki, har wasu malaman jami'a da ita suke bayani.

Ka fara da kunne. Jimun a bakin mutanen Alƙahira "g" ne, ƙaf kuma yawanci hamza ce, shi ya sa ƙahwa ta koma ahwa. Da ka kama waɗannan biyun, kalmomi da yawa da ka riga ka sani za su bayyana. Sai na yau da kullum: bikam wajen tambayar farashi, fen wajen tambayar wuri, ayiz in kana son abu, mafish in babu, ma'alesh wajen ba da haƙuri, law samaht kafin ka roƙi komai. Dattijo ya hagg ne, mai aikin ofis ya ustaz, direba da mai sana'ar hannu ya usɗa, wanda kake girmamawa kuma hadritak.

Hanyar da na ga ta fi aiki ita ce ka zaɓi shago ɗaya, mai burodi ɗaya, mai aski ɗaya, ka lizimce su. Kullum ka ƙara jimla guda a kan ta jiya. Misirawa mutane ne masu son hira da barkwanci, za su yi dariyar kuskurenka su kuma gyara maka a take. Masu tsoron kada ammiyya ta ɓata musu fusha, ni ban ga ta ɓata wa mai karanta littafi kullum ba.

Zirga-zirga

Ka koyi jirgin ƙarƙashin ƙasa tun da wuri. An buɗe layinsa na farko a 1987, yanzu uku ne. Na ɗaya da na biyu suna haɗuwa a tashar Sadat da ta Shuhada, na biyu da na uku a Ataba, na ukun kuma shi ke bi ta Abbasiyya. A tsakiyar kowane jirgi akwai taragon mata zalla. 'Yan'uwa mata su riƙa shiga nan lokacin cunkoso, maza kuma su duba alama kafin su afka. Ƙananan bas-bas sun fi kaiwa lungu. Kuɗin mota hannu da hannu ake miƙa shi har ya isa wajen direba, in za ka sauka ka ce "ala gamb ya usɗa". Da dare ko da kaya, Uber da makamantansa sun fi kwanciyar hankali tunda an san farashi tun farko. Tsallaka titi kuwa, ka jira ɗan gari ka jera da shi har ka gane salon.

Makon aiki daga Lahadi zuwa Alhamis ne, hutu Juma'a da Asabar. Duk abin da ya shafi ofis kada ka bar shi sai Alhamis da rana.

Ciki

Abincin talaka a Masar mai sauƙin kuɗi ne kuma yana riƙe ciki: gurasarsu aish baladi, ful (dafaffen wake) da ɗa'amiyya (irin ƙosansu) da safe, koshari (haɗin shinkafa da taliya) da rana. Ka shiga cikinsu a hankali, kuma a makonnin farko ka guji ɗanyen ganyen da ake haɗawa a shagunan bakin titi. Ruwan famfo daga kogin Nilu yake, yana da warin magani, sai ka sa matata ko ka tafasa.

Da ka zagaya kasuwa za ka ga gida bai yi nisa ba. Mulukhiyyarsu lalo ce, bamiya kuɓewa ce, karkade zoɓo ne, tamar hindi tsamiya ce. Garin semolina na yin tuwo mai kyau, shagunan 'yan Sudan kuma na sayar da garin busasshiyar kuɓewa da suke kira weka. Namijin da bai iya girki ba ya koya a watan farko. Sayen abinci kullum shi ke cinye kuɗin ɗalibi tun wata bai raba ba.

Sanyi, da abin da ke kashe mutane a cikinsa

Zafin Yuni zuwa Agusta ba zai ba ɗan Sakkwato ko Maraɗi tsoro ba. Guguwar ƙura ta khamasin da ke zuwa tsakanin Maris da Mayu ma rufe taga da takunkumi sun wadatar, sai dai mai asma ya riƙe maganinsa kusa. Sanyin Disamba zuwa Fabrairu ne ke kama mutanenmu ba shiri. Da dare yakan sauka wajen digiri 10, gidajen kuma ba a gina su da abin ɗumama ɗaki ba, tayil ɗin ƙasa kamar ƙanƙara. Tun Nuwamba ka je kasuwar Wikalatul Balah ko ta Ataba ka sayi bargo mai nauyi, rigar sanyi, safa da shimfiɗar ƙasa. Gwanjon Wikala na da kyau in ka iya zaɓe.

Yanzu ka saurare ni da kyau. Gidaje da yawa na da na'urar ɗumama ruwan wanka mai aiki da iskar gas, sakhan suke ce mata. In tana cikin banɗaki, babu bututun fitar da hayaƙi, aka kuma rufe taga saboda sanyi, tana tara iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum zai ji jiri da ciwon kai, ya zauna ya huta, shi ke nan. Duk shekara ana rasa rayuka ta haka a Masar. Ranar duba gida ka kalli inda take, ka tabbata bututunta ya fita waje. Taga ta kasance a ɗan buɗe duk lokacin wanka, in wani ya daɗe a banɗaki a ƙwanƙwasa masa. Kada a kwana da gawayi ko murhun gas a kunne a ɗaki rufe. Lambar motar asibiti 123 ce, ta 'yan sanda 122, ta 'yan kwana-kwana 180. Ka sa su a waya yau.

Zama da mutane

Ba zan ɓoye maka ba, baƙar fata na jin maganganu a titi. Yara da wasu matasa za su kira ka samara ko shokolata, wani da wasa wani da raini. Yana da ciwo, kuma ba laifinka ba ne. Abin da ya fi maka shi ne ka wuce. In abin ya kai ga taɓa jiki ko bibiya, ka nufi shago mafi kusa ka yi magana da dattijo, sau da yawa su da kansu za su tsawatar. Faɗa a titi baƙo ne ke kwana a ciki. A cikin mutanen nan kuma za ka samu maƙwabciyar da za ta aiko maka da kwanon abinci don ta ji kana tari, kada na farkon su rufe maka ido daga na biyun.

Siyasar ƙasar ka bar wa masu ita, a baki da a Facebook. Kada ka ɗauki hoton ofishin 'yan sanda, barikin soja ko shingen bincike, kuma in ka ga taro ka sauya hanya.

A masallaci za ka ga bambanci da abin da ka taso a kai. Mu Malikawa ne, su kuwa a Alƙahira Shafi'iyya da Hanafiyya sun fi yawa, karatun kuma Hafs ne, wanda ya yi allo da Warsh sai kunnensa ya saba. Ka tambayi malami kafin ka ce wani ya yi kuskure. Kuma kada ka ɗauka kai ne farkon zuwa: tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ ta Malikawa a Fusɗaɗ, wato tsohuwar Alƙahira, a Azhar ma an daɗe da sanin ruwaƙin Barnawa, wato sashen masaukin ɗaliban Borno. Darussan da ake yi a masallacin Azhar ƙofarsu a buɗe take, ka zaɓi ɗaya ka riƙe. Bayan masallacin akwai shagunan littattafai, a ƙarshen Janairu kuma ana baje kolin littattafai na duniya da aka fara tun 1969. Ka yi tanadin kuɗinsa tun da wuri.

Kewa

Ba ta cika zuwa a makon farko ba, lokacin komai sabo ne. Wata na uku ko na huɗu take sauka, sau da yawa tare da sanyi, ko ranar Sallar farko da ka idar ka dawo ɗaki babu gidan da za ka je gaisuwa. Maganinta tsari ne. Ka sa wa yininka lokutan da ba sa motsi: barci, karatu, girki, tafiyar ƙafa ko ƙwallo. Alƙahira gari ne da ba ya barci, balle a Ramadan, in ka biye masa za ka wayi gari kana kwana da rana kana rasa aji.

Kiran gida ma ka sa masa lokaci. Masar na gaban Najeriya da Nijar da awa ɗaya, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba kuma awa biyu, saboda tun 2023 suka dawo da sauya agogo. Ka gaya wa Hajiya da Baba ranar da za ka riƙa kira, ka cika. Wanda ke kan waya da gida awa biyar kullum bai ba garin da yake ciki damar zama nasa ba. Ranar Juma'a ka ci abinci da 'yan gida a sha hira da Hausa, ranar Asabar ka fita ka ga wani yanki da ba ka sani ba, masallacin Amr ibn al-As ne ko bakin Nilu ko Iskandariyya ta jirgin ƙasa.

In ka ga mako biyu sun wuce ba ka iya barci, ba ka son abinci, ba ka son ganin kowa, ka faɗa wa wani babba da ka yarda da shi, ku je wajen likita tare. Haka nan in ka lura abokin zamanka ya daina fitowa daga ɗaki, kada ka jira ya yi magana, ka ƙwanƙwasa ka shiga ka zauna da shi.